Wayar Girken Kawu Maina

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Bolewa ya san abin da Kawu Maina ke fara yi in ya dawo daga masallacin asuba. Zai cire hularsa, ya goge baƙar wayar girken nan da ita, ya ɗaga kan ya kara a kunne. In ya ji ƙugin layi sai ya ce, "Tana numfashi!" Sannan ne zai amsa gaisuwar kowa.

Kun san dalili. Ɗansa Habu, direban motar shanu, ya fita da lodi daga kasuwa a shekarun tashin hankali, bai dawo ba, ba a ga motar ba. Habu kuwa bai haddace lambar kowa a duniya ba sai ta wayar nan. Kawu ya ce duk ranar da ya samu waya a hannu, ita zai kira. Shi ya sa ba a daɗewa a kanta. Ko ta'aziyya kake yi, kana wuce "ya haƙuri" zai tsaya a kanka: "Sauran ka je ka yi da ƙafa!"

Da aka katse layukan salula a jiha, sai ga unguwa duka a zaurenmu neman aron wayar Kawu, har da Alhaji Goni mahauci mai kiranta kayan tarihi. Kawu ya sa babbar riga ya zauna kusa da ita.

"Goni, ina 'yar salular taka mai waƙa?"

"Ta yi shiru, Maina."

"To gaida yayarta kafin ka taɓa ta."

Wallahi sai da Alhaji Goni ya ce wa waya "ina kwana"!

Ni ce na kawo rigima. Malamar makaranta ce ni, ta tsohuwar igiyar wayar nan nake samun intanet in yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Hoto ɗaya, sai in ɗora tukunya in sauke bai tafi ba. Da aka ja sabuwar igiya mai suna faiba ta bakin titinmu, na kusa taka rawa. Na kawo Bitrus, ma'aikacin kamfanin, ya yi wa Kawu bayani.

"Igiyar me ka ce?"

"Ta gilashi, Baba. Haske ke gudu a ciki."

"Gilashi! A gidan da awaki ke yawo?" Ya juyo wajena, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Uwata, muryar Habu ce za ta biyo ta cikin kwalba? Kai yaro, lambar fa?"

"Ba za ta canja ba, Baba."

"Rantse."

"Baba, mu ba ma rantsuwa."

"To wanke hannu. Wanda ya ci tuwona ba ya yi mini ƙarya."

Malmala biyu Bitrus ya ci kafin a ba shi izini.

Ranar aiki ya ce layin zai ɗauke na minti goma. Kawu ya kwance agogonsa ya ajiye a tebur, ya riƙe tsohuwar igiyar a hannu kamar mai riƙe akuya a kasuwa. Can ya ce a hankali, "In ya kira a cikin minti goman nan fa?" Babu wanda ya yi dariya. Bitrus ya sunkuya, gumi na ɗiga, ya gama kafin lokaci, ya danna lambar a wayarsa. Sai ƙara ta cika ɗakin! Kawu ya zabura ya ɗaga.

"Alo! Gidan Maina!"

"Ni ne, Baba," in ji Bitrus, yana tsaye a kafaɗarsa.

"To sauka daga layi mana, ana jiran kira!"

Kwana biyu ina tura hotuna kamar ƙiftawar ido, sai aka ɗauke wuta. Ashe sabon akwatin da Bitrus ya haɗa wa wayar sai da lantarki, ba kamar tsohuwar igiya ba. Kawu ya ɗaga waya ya ji tsit. "Ta suma! Uwata, kin sumar da ita!" Mutumin da ke tsaga ashana gida biyu da reza, kafin azahar ya ja ragonsa na layya kasuwa, ya dawo da sola da batir.

Na ce, "Kawu, ragon layya fa?"

Ya ce, "Ragon yana amsa waya?"

Kawu ya rasu da daminar da ta wuce. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce in riƙa duba batir. Kiran da yake jira bai shigo ba. Kullum da safe nakan goge wayar da gefen mayafina, in ɗaga. Tana numfashi.

Allah Ya jiƙan Kawu Maina, Ya haskaka kabarinsa. In Habu yana raye, Allah Ya sa waya a hannunsa, lambar tana nan. In kuwa ya riga mu, Allah Ya sada su inda ba sai da igiya ba.