Ƙanena da Rediyon Ɗaurawa a Ƙugu

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Garba, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Yelwa. Makon jiya na ga wani saurayi ya ninke wayarsa gida biyu kamar wasiƙa ya jefa aljihu, sai Garba ya faɗo mini a rai.

Lokacin jiharmu tana sabuwa, masunta ne masu kawo wa Garba aiki. Rediyo ta faɗi cikin jirgi, allon cikinta ya tsage, shi ke nan. Sai ya ƙudura yin wadda za a ɗaura a ƙugu ta bi jiki. Yakan manna siraran wayoyi a kan robar tayar keke, da fatar akuya, da ledar hoton ƙirji da asibiti suka yar. Ya naɗa kowacce a jikin taɓarya, sannan icen tsintsiya, sannan alƙalami, ya ga inda wuta za ta yanke. Wadda ta tsira kuma ya yi ta lanƙwasawa yana miƙewa, kowane ɗari ya jefa tsakuwa a ƙwarya.

Ku dubi abin da idon mai wucewa: ƙato zaune wuni guda yana murza roba, yana magana da tsakuwa. Gari ya ɗauka wai Garba ya taɓu. Ni kuwa malamin kimiyya ne, mai guga a wando, kunya ta ishe ni.

Mahaifinmu ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi boko, hwaɗa mini gaskiya. Wanga abu aiki na, ko taɓuwa?"

Na ce ba aiki ba ne. Da wannan kalma tawa aka rufe shagon, aka tura shi noman shinkafa a Shanga. Damina uku ya yi, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Da yana raye, ba na jin wayar saurayin nan za ta ruɗe shi. Karɓa zai yi ya tambayi sau nawa aka gwada ta, kuma a kan me. Ban ce da an bar shi zai ƙera irinta ba, wataƙila ba zai kai ko'ina ba. Amma abin da nake koya wa yara a allo, shi yake yi da hannu, kuma na sani tun a ranar. Tsoron dariyar mutane ne ya sa na yi masa shaidar zur.

Bai bar shago ba, bai bar suna ba. Ya bar 'ya ɗaya, Hajara, wadda na riƙa. Duk tambayar da ta yi mini game da ubanta, cewa nake manomi ne. Hajara, ba manomi ba ne. Ni na mai da shi. Allah ya jiƙansa, ni kuma ki yafe mini.