Abin da Daktur Ya Sani Game da Jini

A shekarun da bidiyo ya shigo Nuzla, unguwarmu a Jidda, Daktur ke da na'ura, ni ke da Turanci. Abin da ya haɗa mu ke nan, ba wai jininmu ne ya haɗu ba.

Na yi koyarwa a Zariya kafin wani kafili, mai tsaya wa baƙo ya samu izinin aiki, ya ɗauko ni in riƙa rubuta masa takardun kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Shi kuwa Daktur dattijo ne mutumin Gombe, ya zo aikin Hajji bayan yaƙin basasa bai koma ba. Duk unguwa an san ya yi aiki a asibitin soja a bakin daga. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba ya tunkarar asibiti, don tsoron kada daga gadon jinya a wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Sai ya nufi ɗakin Daktur. Daktur ya wanke miki, ya matse maruru, ya ɗaure da farin ƙyalle tsaf, ɗaurin da ban taɓa ganin mai kyansa ba.

Kowace Alhamis bayan la'asar nakan je wurinsa da kaset daga wani shago a Bani Malik. Wasan barkwanci ne na Amurkawa: likitocin soja a cikin tantuna, a wani yaƙi can gabashin duniya. Jirage masu saukar ungulu suna kawo masu rauni, su kuwa likitocin suna ɗinki suna zolayar juna. Ni nake fassarawa, shi yake sharhi.

Ina son wasan nan, kuma har gobe ina sonsa. Akwai ranar da likitan da ya fi kowa surutu ya fito daga tiyata, ya zauna a benci, ya kasa kwance igiyar takalminsa. Ban fassara komai ba, ba kuma a nemi in fassara ba. Amma so bai hana ni ganin aibi ba. Yaƙin da suke nunawa gajere ne, su kuwa sun yi furfura a cikinsa. Gashin kansu ya fi na mawaƙa tsawo, ban san sojan da zai yarda da haka ba. Dutse ɗaya ne a bayan kowace tafiya, ko an ce an yi nisan yini. Sannan ga dariyar mutanen da ba a gani, wadda ke tashi bayan kowace magana. Na daɗe ina zargin mutum goma ne aka ɗauki muryarsu sau ɗaya, don akwai wata mata a cikinsu da na haddace shewarta. Kaset ɗin ma ya sha almakashi kafin ya iso gare mu. Likita zai nufi ma'aikaciyar jinya da murmushi, sai kawai ka ga gari ya waye ana karin kumallo. Rubutun Larabci a ƙasa yana cewa ruwan lemo suke sha, mu kuma muna kallon yadda lemon ke kayar da su.

Gyare-gyaren Daktur daban suke da nawa.

“Tsaya, Malam. Mayar baya. Dubi rigar can. Tun safe suke aiki?”

“Haka suka ce.”

“Ƙarya ne. Jinin safe ba ya kai azahar yana ja. Yakan koma kamar ruwan goro, ƙyallen ya sandare. Wannan jan fenti ne.”

Wata rana kuma: “Ka ga wancan? Ya jefa zanen gado a ruwan zafi. Khalas, shi ke nan, ya kashe zane. Jini ruwan sanyi yake so, da gishiri.”

Wata rana: “Tanti arba'in, gado ɗari, ina igiyar shanya? A ina suke shanya? Mutanen nan ba su taɓa ganin yaƙi ba.”

Da farko na ɗauka idon gwani ne, mai hango abin da ya wuce mu. Amma wanda ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san ɗalibin da ya karanta babi ɗaya tak: kowace tambaya aka yi masa, can zai ja ta. Wata shida muna kallo, Daktur bai taɓa cewa an riƙe wuƙa ba daidai ba. Bai taɓa cewa an yanka inda bai kamata ba. Daga zane sai bokiti, daga bokiti sai sabulu.

Sai na ɗana masa tarko, abin da ba na alfahari da shi. A wani kaset likitocin suka cire wa wani soja saifa. Na ce, “Daktur, wai hantarsa suka cire gaba ɗaya, kuma ga shi ya tashi yana neman taba.”

Ya gyaɗa kai. “Ana yi. In an samu mai hannu.”

Na sha shayina. Na gaya wa kaina ba ruwana. Mai maruru ya samu sauƙi, mai na'ura ya samu tafinta, kowa ya ci riba.

Ruwan ya zama nawa da Yaya ya ji ciwo. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo Umra ya zauna, yana dako a bakin sito ba takarda. Wani ƙarfen ɗaure kaya ya yanke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Kwana takwas ƙafar ta kumbura har idon sawu, zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakinmu. Na ce asibiti. Ya ce ko gawarsa.

“Yara goma sha ɗaya ke jiran abin da nake aikawa. Kai da ke da iƙama a aljihu, bakinka da sauƙin faɗin asibiti.”

Maiɗakina, haifaffiyar Jidda ce, ta leƙo daga ƙofa. “Ya shekh, musun me kuke yi? Yalla, a kira Daktur ya tsaga ya fitar da ruwan, khalas.”

Bayan sallar Juma'a Daktur ya iso da jakarsa. Ya sa a tafasa ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera reza da almakashi a kai. Da na ga rezar, na ce ya zo mu yi magana a matakala.

“Baba,” na ce, don ranar bakina ya ƙi furta ɗayan sunan, “mutum yana rayuwa ba hanta?”

Ya dube ni.

“Ashe jarrabawa ka yi mini.”

“Wane aiki ka yi a asibitin soja?”

“Wanki,” ya ce, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. “Shekara uku. Ni da mutum huɗu da randa shida. Ni ban taɓa ce wa kowa ni likita ba ne, Malam. Na ce na yi aiki a asibiti. Wani mai shago ya kira ni daktur, 'yan'uwa suka ɗauka. Mace ta kawo maka ɗanta ƙafa na ruwa, ba ta da inda za ta, sai ka ce mata kai mai wanki ne? Na ga yadda ake wankewa, na ga yadda ake ɗaurewa. Abin da na gani nake yi.”

“Ka ga yadda ake tsagawa?”

“Daga nesa.”

“To, ba a ƙafar yayana ba.”

“Bari in ga ƙyallen tukuna. Ƙafar ba fannina ba ce. Ƙyallen nawa ne.”

Muka koma ciki. Ya durƙusa, ya warware tsumman a hankali, bai ko kalli ciwon ba. Ya kai tsumman hanci, ya sake kaiwa. Sai ya naɗe rezarsa cikin farin ƙyallen ya mayar jaka.

“Alhaji,” ya ce wa Yaya, “na san wannan warin. A bakin daga, in zane ya zo da shi, ba a kwana uku sai an aiko a ɗauke katifar. Wannan ya wuce reza. Yau za ka asibiti, ba gobe ba.”

“Daktur, za su kama ni.”

“Za su kama ka. Gara su kama ka kana numfashi. Yaran nan goma sha ɗaya, uba a Kano ya fi musu kabari a Jidda.”

Yaya ya juyo gare ni, idonsa ja. Tun muna yara bai taɓa neman shawarata ba, ranar ma ba tawa yake nema ba, mafita yake nema. Kalma ɗaya daga bakina kan randa da sabulu, da ya ja bargo ya ce a nemo masa wani mai reza, kuma Nuzla ba ta rasa su ba.

Na ce, “Yaya, Daktur ya fi mu sani. Likitan soja ne.”

Muka sa shi a tasi. An cire masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Likitan da ya duba shi ya ce da mun ƙara kwana, da zancen ya zama na gwiwa ko abin da ya fi haka. Da ya warke aka wuce da shi tarhil, bayan makonni aka sa shi a jirgi.

Abin da ban sani ba har yau shi ne, da ban ja dattijon nan matakala ba, zai shinshina tsumman kafin ya ɗauki reza, ko bayan ya ɗauka? Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce kullum yana shinshinawa. Mai yiwuwa ne. Amma na ga yadda ya jera kayansa tun bai ga ƙafar ba.

Yaya kuwa ya koma Kano da labari. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji yadda wani babban likitan soja a Nuzla ya gane cuta da hanci kawai. Daga shekarar nan masu zuwa Umra suka fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, da wasiƙar Yaya a hannu, suna neman in kai su wurin Daktur. Nakan ba su ruwa, in tambayi abin da ke damunsu. In miki ne ko ƙuna, in raka su har ƙofarsa. In ciki ne, ko ƙirji, ko wani abu da ba ya ɓata ƙyalle, sai in ce musu Daktur ya tafi Madina, ban san ranar dawowarsa ba.