Kukan Tayar Baya

Ni na matsa aka sauya wa a-kori-kurarmu rim, ƙarfen nan da ake sa taya a kai, gara in faɗi wannan tun farko. Motar tamu ce ni da yayana. Shi ke noma, ni ke tuƙi, ina kwasar masara da waken suya daga ƙauyenmu zuwa Funtua. Hanyarmu da damina taɓo ce zalla, ni kuwa na gaji da roƙon mutane su tura ni. Ran nan na ga wasu rim masu faɗi da manyan tayoyinsu a wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, raina ya biya. Yaya ya zagaya su sau biyu, ya taɓe baki.

"Waɗannan ba ƙafafunta ba ne," in ji shi. "Kai dai so kake a ce motarka ta fi ta kowa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Aka ɗaura su, mota ta yi kyau har ina waiwayenta in na ajiye. Amma lodin farko da na yi, da na faɗa rami sai in ji wani gurnani daga tayar baya ta hagu, ga warin roba. Na kai wa wani dattijon bakanike a Malumfashi. Ya leƙa, ya nuna mini inda bakin ƙarfen da ke saman tayar ya fara yankar ta. Ya bubbuga shi da guduma, muka zaga gari, shiru.

"Alhaji, ba kaya fa muka gwada," ya ce. "Ka yi mata lodi, za ta sake zama a kan tayar. Sai an ƙara mata ƙarfe a sifirin, a yanke bakin nan."

Na ce masa sai bayan kaka. Na koma rage buhuna, ina ganin na yi dabara.

Ana tsakiyar karyar masara, da hantsi, Yaya ya dafe ƙirji ya faɗi a gona. Aka ɗauko shi aka sa a kujerar gaba ta motarmu, kansa a kafaɗata, baffanmu na riƙe da shi ta wajen ƙofa. Baffa tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi tuntuni. Kafin in tayar da mota, baya ya cika: liman, surukin Yaya, maƙwabta, har da waɗanda ko takalmi ba su tsaya sawa ba. Haka muke. Ba a barin mara lafiya ya tafi asibiti shi kaɗai, kuma ba wanda ya isa ya ce wa ɗan rakiya ya sauka. Na duba madubi, na ga yadda motar ta durƙusa. Na buɗe baki zan yi magana, idona ya faɗa kan farin gemun liman, na haɗiye. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ramin farko, tayar ta fara kuka. Na san in na taka wuta ƙarfen zai farke ta, safayar da ke ƙarƙashi kuma tsohuwar ƙarama ce, ba iska a cikinta. Sai na riƙa lallaɓawa, ina kauce wa ramuka, kaina rabi a waje ina sauraro. Na baya suna dukan rufin mota wai in yi sauri. A nan ne na ji Yaya ya kira sunana. Ya sake kira, ya ci gaba da wata magana ƙasa-ƙasa, numfashinsa na taɓa wuyana.

"Yaya, dakata tukuna," na ce masa.

Da tsawa ma na faɗa. Ya kuwa dakata. Lokacin da muka hau kwalta na juyo in tambaye shi me yake cewa, kansa ya riga ya yi nauyi a kafaɗata. A ƙofar asibiti aka duba shi, aka ce sai haƙuri.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Bayan sadakar bakwai na mayar da motar wajen dattijon nan. Ya yi mini ta'aziyya, bai ce mini komai game da sifirin ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga ta da jak, ya kwance notuna, ya cusa ƙarfe ɗaya a kowane gefe, mai walda ya yanke bakin da ke cin tayar. Sannan ya kira masu zaman inuwa suka hau baya aka gwada. Ko ƙis. Bayan azahar aka fara, ba a kira la'asar ba aka gama. Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallon motar.

Motar ba ta sake kuka ba, kowa ya shaida. Ni kaɗai nake jin sa, ko babu kaya, ko a kan kwalta, in tsaya in leƙa in ga tsakanin tayar da ƙarfen akwai tazarar da hannuna ke shiga har wuyan hannu.

Matar Yaya na cikin takaba na kai mata hatsi. Muka gaisa, tana daga bayan labule. Har na miƙe ta tsayar da ni.

"Baba ƙarami, an ce a kafaɗarka ya cika. Baffa ya ce ya ga bakinsa na motsi. Me ya ce?"

Wataƙila wasiyya ce a kan yaransa. Wataƙila ruwa yake so. Ban sani ba.

"Salati yake ta yi," na ce.

Ta yi hamdala, ta fashe da kuka, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Yaran sun girma da wannan labarin. Duk sallah in mun taru sai babbar ta ba ƙannenta, ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Baba?" Ni kuma in ce haka ne.