Wa zai aje akushin Malam yau?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna Hassu ta rasu.

Da safen nan Nasiru ya kira ni, ina tsugune ina hura gawayin shayi a bakin shago nan Agadas. Ya ce, "Lawali, tsohuwa ta cika." Na ce wace tsohuwa, alhali na sani sarai. Kafin hantsi an kai ta. Ko yanzu na shiga mota, tudun ƙasa kawai zan tarar.

Ga waɗanda ba su san ta ba: kakar abokina Nasiru ce, a Tsarnawa, gidan da ke bayan masu facin taya. Ba ta haifi uwata ba, ba ta haifi ubana ba. Amma naman da ke jikina, rabinshi tuwonta ne.

Ku yi haƙuri, fostin ɗin zai yi tsawo, kuma raina a ɓace yake. Akwai abin da nike so a yi kafin magaribar yau.

A yunwar tamanin da huɗu, ni ko haifata ba a yi ba, mijinta Malam Shaibu ya rataya ƴar jakarshi ya ce zai gangara kudu biɗa, in ya samo hatsi ya komo kafin shuka. Ya bar ta da ɗiya biyar da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Ba a sake ganinshi ba. Wani ya ce ya hange shi yana dako a Sakkwato, wani ya ce a Ikko. Duk ji ne.

Ita ta yi noman, ita ta yi sussukar. Ta dama hura ta sai da ma direbobin manyan motoci a bakin titi har ɗiyan sunka zama mutane. Danginta sunka matsa ta je wurin alƙali a raba auren, ga masu so. Ta ce ita da aurenta.

Kuma kullum magariba, malmalar farko ta Malam ce. A cikin baƙin akushinshi, miya a ƴar tasa, a rufe da faifai, a kai zaure inda ya saba zama. Manya sun ce ko lokacin da ƴaƴan anza masu ɗaci ake jiƙawa a ci, sai da ta ɗebi nashi ta kai.

Mutane sunka ce ta taɓu.

Ni na shigo labarin ƙarshen shekarun casa'in. Babana ya rasu, an kore ni daga lakwal, makarantar boko, don na mayar ma mushe, malaminmu, magana, ina tsaron kwalaben esansi, man mota, na wani a bakin hanya. Yunwa nike kwana da ita, amma na fi son ta kashe ni da a ce an ba ni. Wata rana wata mata ta miƙo mini sauran shinkafa gaban mutane, ta ce, "Ungo, maraya." Na kifar da ita a ƙasa. Inna Hassu na zaune bayan ƙwaryar hurarta tana kallo.

Washegari da magariba zan wuce ta ƙofar gidanta, sai na ji ta ce, "Kai, angon ƙarya! Zo ka taimake ni."

Na ce da me.

"Mijina na gaske yau ma bai komo ba. Tuwonshi zai kwana ya yi tsami, Allah ya tambaye ni."

"Ni ba mayunwaci ba ne, Inna."

"Wa ya ce da kai mayunwaci? Aiki ni sa ka. In ka ƙare ka wanke mini akushin, kuma ban da sata, na san nauyin kayana."

Ta shige gida abinta. Ba ta waiwayo ba, ba ta aiko kowa ya leƙa ba.

Na yi wannan aikin shekaru.

A zauren nan na koya ma kaina karatu, da tsoffin littattafan Nasiru da guntayen jaridar da ake ƙunsa ƙosai. In ta wuce ta gan ni ina haɗa baƙi sai ta ce, "Me takardar ta ce yau?" In ce ta ce manya sun yi taro a Yamai. Ta ce, "To, in ka ƙare ka gaishe su."

Wani lokaci in na buɗe faifan sai in tarar an ci rabi, an gyara gefen tsaf kamar da wuƙa. Wani ya riga ni, kuma ya tuna da na baya. Ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Ni ma daga nan na koyi barin rabi. Ashe mu masu taimakon Inna muna da yawa, kowa na ɓoye ma kowa.

Ganina da ita na ƙarshe, babbar sallar da ta wuce ne. Ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Jikarta Rabi ke tuƙi yanzu, amma sai an kawo mata akushin ta ɗaga da hannu biyu ta auna. Ran nan ta ce, "Ƙara, Rabi. Malam ba yaro ba ne."

Kun san bakina. Na ce, "Inna, don Allah ya isa. Mutumin da ya bar ki da ɗiya biyar cikin yunwa? Kin san dai ba zai komo ba."

Ta yi dariya, ta ce, "Gemu ya fito, bakin bai girma ba. Tun kana cikin zanen goyo ni sani."

"To don me?"

"Ba gudu ya yi ba, Lawali. Abin da za mu ci ya tahi nema. Ban san ƙofar gidan da yunwa ta kai shi ba, amma na san halinshi, ba ya roƙo. In babu wadda ta yi mashi dabara a can, to da yunwa ya kwanta."

Ta shafa bakin akushin da yatsa. Can ta ce, "Kai ma da sadaka ni ce maka, da ka ci?"



Yanzu ga abin da ya hana ni zama.

Akwai mai taimakon Inna a yanzu. Dattijo ne, ya taɓa riƙe abin hannunshi, yau ba ya da kowa. Ba zan faɗi sunanshi ba, kuma duk wanda ya rubuta shi a kwamen zan goge in toshe shi, ko ɗan uwana ne. Waɗanda sunka sani su ci gaba da yin kamar ba su sani ba, yadda sunka saba. In an sallame magariba yakan biyo ta zauren kamar mai hutawa. Akushin nan shi ne abincinshi na yini. Na sani, don na taɓa zama shi.

Na tambayi Nasiru wa zai aje yau. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce babanshi, Alhaji Sahabi, babban ɗan Inna, ya sa an wanke akushin an kai ɗaki. Wai ranar sadakar uku za a kafa rumfa a raba shinkafa buhu-buhu a ƙofar gida, duk mabuƙaci ya zo ya shiga layi.

Layi!

Mutumin nan ko gawarshi ba za ta shiga layi ba. Ya tsaya ƴan yara na ɗaukar shi hoto da waya ana sa ma duniya? Kuma daga yau zuwa jibi fa, ya ci me? Rumfa?

Na kira Baba Alhaji. Na yi mashi gaisuwa yadda ta kamata, sannan bakina ya kuɓuce, na faɗi abin da na faɗa. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Lawali, kai tuwo ka gani cikin akushin nan. Ni tun ina saurayi, duk magaribar da na ratsa zauren nan sai ya tuna mini ubana ya fita bai komo ba. Na binne uwata yau. Ka bar ni in binne shi shi ma." Ya kashe waya.

Tun ɗazu nike juya maganar nan. Gaskiyarshi ce, kuma shi ya yi rashin da ya fi nawa. Amma gaskiyarshi ba za ta shiga cikin dattijon nan ba in rana ta faɗi.

Don haka ban ce a mayar da akushin zaure ba. Zauren ma cike yake da masu gaisuwa, ba zai iya buɗe faifai gabansu ba. Baba Alhaji ya riƙe akushin ubanshi, haƙƙinshi ne.

Rabi, na san kina karanta abin da nike rubutawa, ko yau ba ki duba ba wata za ta nuna miki. Ke kika san nauyin da Inna ke so. Ki sami ko wane kwano ne. Ki kai gindin itacen bedin da ke bayan gida, wajen ƙaramar ƙofa, ki rufe da faifai. In ba ki iya ba saboda baƙi, matan layin nan, akwai wadda ɗanta ko mijinta bai taɓa ɗaga faifan nan ba? Ku tambayi kanku.

In kun gan shi, kar wanda ya ce mashi "zo ka ci." Kar wanda ya ce sadakar Inna ce. Ku ce tuwo ya yi yawa gidan rasuwa, zai lalace, ya taimaka. Sannan ku juya baya ku shige gida.

Ya Allah, baiwarka Hassu ta zo maka. Ta rufa ma bayinka asiri ba tare da sun sunkuyar da kai ba, ka rufa mata nata. Ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da Malam Shaibu inda ba a fita biɗa. Ka sanyaya zuciyar Baba Alhaji da ƙannenshi da jikoki. Ni ma ka sanyaya tawa.

Ku da kuka karanta, ba layk nike nema ba. Ku yi mata Ƙulhuwallahu, ku sa ta cikin addu'arku ta magariba.

Wanda ke Tsarnawa kuma, in ya shafa addu'ar, ya bi ta gindin bedin nan ya duba mini ko an aje. Kar ya tsaya. Ya duba kawai ya wuce.