Irin Waken Inna

Inna ta rasu bayan kaka, hatsi ya riga ya shiga rumbu, harawa na bisa rumfa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Aikin ƙarshe da ta yi da hannunta shi ne adana irin wake, kamar yadda ta saba kowace shekara a ƙauyenmu na bayan Kona. Wannan karon ban gani ba, ina Tasawa inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, amma tun ina ƙarama na san yadda take yi. Sai ta shanya waken a rana mai zafi har ya yi ƙaras a haƙori, ta tankaɗe tokar murhu ta gauraya da rairayi mai laushi, ta zuba a ƙaramin tulu tana jijjigawa har kowace ƙwaya ta nutse. Sannan ta kifa sakaina a bakin, ta liƙe da laka. Ba mai taɓa tulun nan sai ruwan shuka ya sauka.

Waken ba shi da wani suna, waken Inna kawai muke ce masa. Ƙanana ne, jajaye masu baƙin ido, suna nuna da wuri, ba su cin itace wajen dahuwa. Kakarmu ce ta zo da irin daga arewacin Mayahi. Da gari ya koma wa farin waken zamani da ƴan kasuwa suka fi so, Inna ta ce ita ba sayarwa take yi ba, ci take yi, ta ci gaba da shuka nata a tsakanin hatsi. Yayarta, wadda muke kira Iya, ta rasa nata irin a wata shekarar yunwa da aka dafa har abin shuka. Tun daga nan kowace damana take zuwa ta ɗibi tafi biyu a wurin Inna, abin da ta girbe ta cinye, ba ta ajiye iri. Wanda aka girbe a shekarar rasuwar kuwa, mu da kanmu muka dafa shi da shinkafa muka ba masu zuwa gaisuwa, ba wanda ya yi tunanin komai. A sanina, abin da ke cikin tulun nan shi kaɗai ya rage.

Ranar sadakar arba'in aka fito da kayan ɗakinta. Ƙannena suka ɗauki zannuwa da tukwane, ni na rungumi tulun.

Iya ta ce, "Ɗiyata, bar wanga nan. In sa shi ƙarƙashin gadona, in ruwa ya sauka mu raba."

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani. Na ce, "Haba Iya! Uwata ce fa. Kowa ya samu abin da zai riƙa dubawa, ni ce zan koma hannu rabbana?"

Da ƙarfi na faɗa, a gaban mutane, ga tsohuwar da ta sha goya ni. Ta dube ni, ta gyara kallabinta, ta ce, "To, tafi da shi. Amma kada ki buɗe."

Na kai shi Tasawa na ajiye a kusurwar ɗaki. Duk wadda ta shigo sai ta tambaya. Wata abokiyar aikina ma cewa ta yi, "Madam, kin fara bin bokaye ne? Mi aka binne ciki?" Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini. Ga lakar tulun tana zuba a ƙasa kullum ina shara. Gaskiyar magana kuma, ba tulun nake son gani ba, waken nake son gani, abin da yatsunta suka zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Bai cika wata guda a wurina ba na sa wuƙa na ɓamɓare lakar. Na zazzage a rariya, na tankaɗe tokar, na zubar da ita a bola. Na goge waken da tsumma mai tsabta, na zuba a samira mai furanni, na rufe, na sa a kabad mai gilashi kusa da kofunan baƙi. Wallahi sun yi kyau. Har cewa na yi a raina yanzu ne waken Inna ya samu wurin da ya dace da shi.

Abin kunyar shi ne, ni ce mai tsayawa gaban allo ina zana wa yara rayuwar ƙwari: ga ƙwai, ga tsutsa, ga ƙwaro ya fito da fiffike. Na koyar da shi ya fi a ƙirga, ban taɓa haɗa shi da tulun uwata ba. Ƙwaron wake ba daga waje yake shigowa ba, tun daga gona ake tahowa da shi. Uwar tana manna ƙwayayenta a jikin kwanso, ƙanana kamar ɗigon gishiri. Tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar waken, ta zauna tana ci, daga waje ba ka ganin komai. In ta girma sai ta yanke ƴar ƙofa zagayayya ta fito ƙwaro, ta sami namiji, ta bi sauran waken tana zuba sababbin ƙwai. Duk wannan bai wuce ƴan makonni ba, in ana zafi ma ya fi sauri. Toka da rairayin Inna su ne ke cike tsakanin ƙwayoyin, wanda ya fito ba ya iya motsi, ba ya samun ɗan'uwansa, nan zai mutu. Ni kuma na share musu hanya, na ba su ɗaki mai murfi.

Da bazara ta shigo na fara ganin wasu ƴan ƙwari masu ruwan ƙasa suna yawo a jikin gilashin kabad. Na goge su da tsumma ina mita, na ɗora wa maƙwabciyata mai tuyar ƙosai laifi, na ce daga buhunanta suke. Samirar kam ban buɗe ba. Sau biyu na buɗe a farko, duk sau biyun na wuni ina kuka, sai na daina.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Washegari da hantsi sai ga Iya a bakin ƙofa, ɗan kabu-kabu ya sauke ta, ƙafafunta duk taɓo. Ta kawo mini kuka da daddawa. Ta sha ruwa, muka gaisa, ta zaro wani ɗan ƙyalle daga ƙugunta ta shimfiɗa a cinya, ta ce, "Ɗauko tulun, ɗiyata, ƙasa ta yi sanyi."

Na buɗe kabad na ɗauko samirar. Tun kafin in iso na ga fuskarta ta canza.

Ta ce, "Ina tokar?"

Na ajiye samirar a gabanta. Na ɗaga murfin, ƙwari suka taso mini a fuska buu, wasu suka bi hannuna. Wani wari mai ɗumi ya fito. Saman waken ya yi fari fat da ƙwai, ƙasan kuma gari ne da matattun ƙwari. Na ɗauki ƙwaya ɗaya, huda huɗu a jikinta, na matsa ta ruguje a yatsana.

"Innalillahi," in ji Iya, a hankali. Sai ta ce in kawo faifai.

Muka zauna a tsakar gida muna tsinta har la'asar. Idonta ba ya gani sosai, da yatsa take shafa kowace ƙwaya ta ji ko da rami. Ni ina tsinta hawaye na ɗiga a faifan, ina jin haushin kaina kamar in mari kaina. Waɗanda muka ware masu huda ɗaya ko biyu ba su cika tafin hannunta ba. Ta ƙulle su a ƙyallen, ta ce wani lokaci mai rami ma yakan tsiro in ba a ci idonsa ba. Na roƙe ta ta kwana, ta ce a'a, danshi ba ya jira.

Bayan mako biyu na je ƙauye. Ta kai ni bayan ɗakinta, inda ta shuka su ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Gonakin mutane duk sun yi kore. Nata wurin ciyawa ce kawai ta fito. Ta ce ta tona da yatsa ta duba, duk sun ruɓe.

Na durƙusa na ce, "Iya, don Allah ki yi mini faɗa. Ke kika ce kada in buɗe."

Ta ce, "Faɗan mi? Tashi, za ki ɓata zanenki."

Ta tsaya tana duban wurin. Can ta ce, "Ranar da aka kai ta, ban ji kamar ta tafi ba. Na ce ai in ruwa ya sauka zan shuka wakenta, in ci, in ajiye iri. Yanzu kam ƙanwata ta mutu."

Sai ta sunkuya ta fara janye ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ta ce a bar awaki su ci ciyawar.