Karsanar da Baba Tsoho Ya Kusa Mayarwa

Kakana na wajen uba, wanda duk gidanmu ke kira Baba Tsoho, ma'aikacin gwamnati ne a gidan likitan dabbobi na nan Dakoro. Aikinsa yi wa shanu da tumaki da raƙuma allura. Tun kafin a haifi babana yake yawon rugage da bakin rijiyoyi, da farko bisa doki, daga baya bisa wata tsohuwar moto, wato babur, mai yawan tari. Ni ban riski lokacin aikinsa sosai ba. Abin da na riska hannuwansa ne. Babban yatsansa na hagu a karkace yake, wani bijimi ne ya take shi a wajen Kornaka, shi ya sa in yana jan carbi da gefen yatsan yake tura ƙwayoyin.

An ce bai taɓa soka allura ba sai da bisimilla. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi, wai ranar rigakafi ya fi liman ambaton Allah.

Yana da wata doka da kowa ya san shi da ita. In ya sauka a ruga zai ci abin da aka ba shi, ya sha nono har ya ƙoshi, amma ko ƙwai ɗaya ba ya shiga jakarsa. In an biyo shi gida da rago, ragon zai koma. In man shanu ne, a duman da ya zo zai juya. Kakata, Iya, ba ta gaji da mitar wannan abu ba har tsufansu.

"Ni ce matar likitan shanu," in ji ta, "ni ce kuma kullum tsugunne gaban mai tallan nono ina roƙon gyara."

Shi kuwa sai ya ce, "Gwamnati ta biya ni, Allah kuma yana kallo."

Da ya ajiye aiki, sai ya mai da tabarmarsa gindin dogon yaron ƙofar gida. Hutun bai yi wani tasiri ba, don matan unguwa sun ci gaba da jawo masa awakinsu masu zawo da kajinsu masu gyangyaɗi. Ni lokacin ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato firamare. Kunya gare ni ƙwarai, in baƙo ya gaishe ni sai muryata ta maƙale. Wurin zamana bayan ƙyauren zaure ne. Can nake shimfiɗa kayena, wato littafin rubutuna, ina aikin gida, ina kuma leƙen waje ta wata tsaga da ke jikin ƙyauren. Baba Tsoho ya san ina nan. Wani lokaci ba tare da ya waiwayo ba sai ya ce, "Amaryata, kin ji abin da akuyar nan ke faɗi?"

Wata ranar kasuwa bayan an gama girbi, wani dattijon Bafillatani ya iso da rana tsaka, yana janye da karsana. Na san shi. Dogo ne siriri, malfarsa ta sha ɗinki, kuma duk ranar da ya shigo gari sai ya biyo sun sha shayi da Baba Tsoho. Baba yana kiransa Arɗo, ko da yake ba ya riƙe da wata sarauta. Shi kuma yana ce masa Likita. Abotarsu ta samo asali ne tun wata shekara da ciwo ya faɗa garken mutumin a dajin Ɗan Gulbi, Baba ya tare a rugarsa bai koma gida ba sai da shanun suka miƙe.

Karsanar ja ce, da ɗan fari a goshi kamar an dangwala mata kindirmo. Ƙahonninta ba su gama fitowa ba. Ya ɗaure ta a jikin dogon yaro, suka gaisa doguwar gaisuwa, Baba ya hura gawayi ya ɗora buta.

"Kasuwa za ka kai ta?" Baba ya tambaya.

"Ta iso inda za ta."

Baba ya dakata da fifita. "Arɗo, ka san halina."

"Na san shi sarai. Na kawo rago ka kore shi. Na kawo mai ka ce ciwon ciki gare ka. Na yi haƙuri na ce mutumin gwamnati ne. To yanzu gwamnati ta sake ka. Kuma wagga ba kyauta ba ce, habbanaye ce."

Ko ni da ke bayan ƙyaure na san habbanaye, don ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Makiyayi kan ba wanda ya yarda da shi aron saniya. Za ta zauna hannunsa ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan da nonon duk nasa ne, sannan ya mai da uwar. Ba kowa ake ba ita ba. Wanda kuwa aka ba ya ƙi karɓa, kamar ya ce ba ya son zumuncin ne.

Baba ya tsiyaya shayi, ya miƙa wa baƙonsa ɗan kofin. Ya ce, "Har gobe abin da nake ci daga hannun gwamnati yake fitowa. Kuma abin da na yi wa shanunka aikina ne. In na karɓa, kamar na sayar da shi ne daga baya."

Arɗo ya yi murmushi, ya karɓi kofin, ya ajiye shi bisa ƙasa bai kai baki ba. Wannan ne ya tayar mini da hankali. Mutumin da kan shanye kofin farko da zafinsa yana lumshe ido, yau ya bar ƙuda na zagaya shi. Sannan na ga ya sa ƙafa ya juya takalmansa, bakinsu ya dubi hanya. Bai ɗaga murya ba, fuskarsa ba ta sauya ba. Amma na gane in karsanar nan ta bi shi, ba zai ƙara zama a tabarmar nan ba.

Iya tana bayan katanga tana tsince wake, kunnenta na waje. Na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah ka shirya mini tsohon nan."

Can Arɗo ya ce, "Likita, in tambaye ka. Mai bayarwa yana da lada?"

"Ƙwarai kuwa."

"To kai mugun marowaci ne."

"Ni?"

"Kai fa. Shekara da shekaru kana ba mutane, ka hana kowa ya ba ka. Ladar duk kai kaɗai za ka kwashe? Mu mu je lahira da sanda kawai?"

Baba ya sauke butar shayi daga kan gawayi. Ban taɓa ganin an ƙure shi da magana ba sai ran nan. Ana haka aka kira azahar, suka tashi suka yi alwala da buta ɗaya, suka nufi masallaci.

Da suka ɓace na fito. Na ɗebo ruwa a kwano, na sato harawa daga rumfar tumakin Iya. Karsanar ta shinshina ni da farko, ta ja baya, sannan ta sha. Harshenta kaushi gare shi, ta lashi tafin hannuna har da tawadar da ke jiki. Ban ji dawowarsu ba sai da inuwarsu ta rufe ni. Gudu ya gagara, na tsaya riƙe da kwano.

Baba ya zagaya karsanar a hankali. Ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato. Sannan ya zauna.

"Ka ce aro ce?"

"Aro ce."

"To in aro ce amana ce, amana kuwa ban taɓa gudunta ba. Amma ɗan farko ba zai zauna gidan nan ba. Akwai mai ƙosai a bayanmu, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu."

"In ka so ka ba kura," in ji Arɗo. "Naka ne."

Daga bayan katanga muryar Iya ta taso da ƙarfi: "Nonon dai ba inda za shi!"

Duka biyun suka fashe da dariya. Da suka lafa Baba ya dafa gwiwoyinsa ya ce, "Saura abu ɗaya. Gwiwoyin nan sun gama aiki. Wa zai riƙa ba ta ruwa, ya kai ta wurin mai kiwon unguwa da safe?"

Ban san lokacin da na ce "Ni" ba. Ƙaramar murya ce, amma ta fita, kuma a gaban baƙo.

Arɗo ya dube ni sosai. "Ashe ɗiyar ga tana magana?"

"Sai in ta ga saniya," in ji Baba.

Arɗo ya miƙa hannu ya ɗauki kofin nan da ya huce tun tuni, ya kore ƙudan, ya shanye. Ya ce shayin Likita bai taɓa yin daɗi ba, a ƙaro wani.

Karsanar ta girma a hannuna. Ɗanta na farko ya tafi gidan mai ƙosai kamar yadda aka ce. Ta biyu mace ce, Baba ya sa aka kai wa ladanin masallacinmu. Iya ta samu nononta, har ita ma ta koma yi wa maƙwabta gyara. Kullum da safe kafin in tafi lakwal, Baba kan sa a kawo masa kujera kusa da turke, ya zauna da carbinsa yana gaya mini abin da zan duba: hanci in ya bushe, ido in ya yi ja, tuƙa in ta tsaya.

Bara Allah ya yi masa rasuwa, bayan ya yi sallar asuba ya kishingiɗa. Mutanen da suka zo gaisuwa sun cika ƙofar gida har kan hanya, da yawa daga rugage, wasu ban taɓa ganinsu ba. Arɗo ma ya zo, ya ƙara tsufa, yana dogara sanda. Bayan an yi addu'a babana ya matsa kusa da shi, ya ce tunda mai amana ya tafi, ga saniyarsa nan, za a kai masa har ruga.

Arɗo ya girgiza kai. "Kai ma halin ubanka za ka ɗauko? Ka san wahalar da na sha kafin ya karɓa? Saura haihuwa ɗaya. Kuma ba hannunka take ba, hannun ɗiyarka take."

Ya ce in kai shi ya gan ta. Ya daɗe tsaye a bakin turke yana kallonta, ita kuma tana tuƙa ba ta ko kula shi ba. Ya tsokani cikinta da kan sandarsa.

"Kun lalata ta," ya ce. "Ta zama 'yar birni. Wagga in ta koma daji sai ta nemi a kawo mata ruwa a kwano."