Kafintan da Ya Datse Jirgin Bature

Duk wanda ya taɓa kwana a Gangaren Tudu ya san ƙarar keken Baba Mijinyawa. Ana idar da sallar asuba zai ɗaura zarto da gizago da gwangwanin kwalta a bayan keke, ya rataya goran kunu, ya kama hanyar Panda. Shekara goma sha takwas ke nan, rani da damina. In ya isa mashigar kogi ba ya gaisawa da kowa sai ya duba jiragensa. Zai durƙusa ya bi kowane katako yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, inda ya ji sautin bai yi masa ba nan zai zauna, ya cusa auduga ya shafa kwalta. Mata masu doya su yi ta tsaki, ga rana tana yi, ga kasuwar Keffi tana ci. Shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yake ce musu kullum ɗaya ne: "Gara ku makara a kasuwa da in yi gyara a tsakiyar ruwa."

Watan jiya aka buɗe gada a mashigar, albarkacin kuɗin man fetur, Baba ya jawo jiragensa kan tudu ya ce ya huta. An yi taro, an yi jawabai, an yaba wa kowa har da direban da ya kawo siminti. Ba wanda ya ambaci Mijinyawa. Wallahi abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Abdulsalami, malamin firamare ne ni, kuma in gaskiya za a bi ni ne na ƙarshen wanda ya dace ya yabi wannan dattijo, domin ni na taɓa kai shi ƙara.

A 1962 ne. Ƙauyukan tsallaken kogi, in damina ta yi nisa, sai su yanke da gari gaba ɗaya. A daminar da ta gabata mata biyu suka rasu a can wajen haihuwa, alhali ungozomarmu Magdalena tana tsaye a wannan gaɓar da jakarta a hannu, ba hanyar hayewa. Ana nan sai muka ji wani Baturen safiyo zai koma ƙasarsu, yana sayar da ɗan jirgin da yake shan iska da shi a wani tafki. Ƙungiyarmu ta ci gaban gari ta yi karo-karo muka saya, ni ne sakatare. Kai, jirgin nan ya yi kyau! Fari fat, ga doguwar sanda a tsakiya, ga faffaɗan zane da ke kama iska ya tura shi. Mu mutanen tudu ne, ba wanda ya taɓa tuƙa ko kwale-kwale a cikinmu. Muka ɗora shi a kan mota muka zaga gari da shi ana guɗa.

Mijinyawa kaɗai ya san ruwa, don ya yi shekara bakwai a Loko wajen masu sassaƙa jirage a bakin Binuwai. Muka ba shi ya duba. Ya zagaya shi sau biyu, ya girgiza kai.

"Malam, wannan jirgin wasa ne. An yi shi don mutum ɗaya da ya iya iyo, a ruwan da ba ya gudu. Ku ba ni mako biyu."

Da na koma sai da na dafe kai. Ya yanke sandar nan kusan rabi. Ya rage zanen ya zama kamar na ɗaurin ƙirji. Wani faffaɗan katako da ke sauka ƙarƙashin jirgin ya gajarta shi, wai duwatsun koginmu za su kama shi. Ya ɗaure manyan gorori a gefe da gefe, ya bi farin fentin nan da baƙar kwalta. Na ɗauki guntun sandar da ya yanke, na tafi da shi gaban mai unguwa a matsayin shaida, na ce kafinta ya lalata dukiyar jama'a saboda hassada da jahilci. Da bakina na faɗi haka, a gaban mutane.

Mai unguwa ya ce ya yi bayani. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, doguwar sanda a iskar hadari kifar da jirgi take yi. In an ce in mayar da ita zan mayar, amma ba da hannuna za a ɗora matar mutane a ciki ba." Wata shida mutane suna yi masa dariya, ana kiran jirgin Guntu. Bai fasa ba. Jethro, manomin da gonarsa ke bakin mashigar, ya sha ba da labarin yadda ya ga Baba yana loda buhunan yashi daidai nauyin mutum biyar, ya haye shi kaɗai, ya dawo, ya gyara wani abu, ya sake hayewa. Ƙa'idarsa ke nan har yau: ba ya ɗora rai a jirgi sai ya haye da yashi sau uku.

To, Allah da ikonsa, matata A'i 'yar tsallake ce. Cikinta na fari ya tsufa, aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda aka saba. A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Ranar ta huɗu da hantsi Jethro ya iso makaranta a guje, ya ce ana ta ihu daga wancan gaɓar, A'i kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Na ɗauko Magdalena a kan keke, ban san yadda muka isa ba.

Kogi ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Baba yana nan, ya riga ya jawo Guntu bakin ruwa. Kunya ta hana ni kallon idonsa. Shi kuwa bai tuna mini komai ba, ya dubi ungozoma ya ce, "Magdalena, za ki iya?"

"In ka ce zai kai, na shiga," in ji ta. Ta ɗaura jakarta a baya da zane kamar goyo.

Ya jefa buhun yashi biyu a tsakiya, ya zaunar da ita a kai. Na ɗaga ƙafa zan shiga ya tare ni da gorar tura jirgi.

"Malam, ba ka iya ruwa ba, ba ka iya karɓar haihuwa ba. Zauna ka yi mana addu'a."

Na zauna. Ina kallo suka yi sama da bakin gaɓa, sannan ya saki ɗan zanen nan ya karkata cikin ruwa. Suna kaiwa tsakiya iska ta taso da ƙarfi ta kwantar da jirgin, har na ga baƙin cikinsa. Jethro ya kira sunan Yesu, ni na yi salati. Gororin gefe suka tokare ruwa, jirgin ya miƙe. A nan na gane da sandata mai tsawo tana nan, da na rasa mata da ɗa da ungozoma a rana ɗaya, kuma da hannuna.

Da la'asar ya dawo shi kaɗai, jiƙe sharkaf. "Mace ce," ya ce. "Uwa da 'ya lafiya. Matsa, ka taka mini igiya." Khadijatu ke nan, yau shekararta goma sha bakwai, tana kwalejin horon malamai.

Bayan wannan ƙungiya ta daina yi masa gardama. Duk sayen jirgi shi ake turawa Loko. Ba ya sayen wanda aka yi wa sabon fenti, ya ce fenti ɓoye aibi yake yi. A kan tudu yake sa a cika jirgi da ruwa, ya zauna ya ci goro yana jiran ya ga inda zai tsiyaya. Shekarar Udoji, da aka ƙara wa ma'aikata albashi aljihu ya yi nauyi, wasu suka dage sai an sayo babban jirgi mai inji. Ya ce koginmu ƙarami ne, in inji ya mutu a tsakiya wa zai tura? Aka yi ta surutu, ya bar su da surutunsu. Shekara goma sha takwas yana hayewa da masu ciki da marasa lafiya da 'yan makaranta da awaki, ko akuya ɗaya bai bar wa ruwa ba.

Baba, kai ne ka ga mun sayo abin ado ka mayar mana da shi abin aiki. Kai ne aka zaga a gaban mai unguwa ka haɗiye, ka koma ka ci gaba da ɗaukar yashi. Guntu mai hayar da dogaye, mun gode. A'i ta gode, Khadijatu ta gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin nan da sanyin ruwa ya cinye. Ku kuma masu aikin hannu, yanzu da kuɗi ya zo kowa yana gaggawa, ku yi koyi da shi. Abin da za ku ɗora wa ran mutum, ku fara gwada shi da kanku, ko da ana muku dariya.

Guntun sandar nan da na kai shaida bai taɓa barin bayan ƙofata ba. Kunya ta hana ni mayarwa, ta kuma hana ni yarwa. Makon jiya na fere shi da kaina, na yi masa mariƙi, na ɗauka muka tafi Gangaren Tudu ni da Khadijatu. Na durƙusa na ce, "Baba, ga abin da na kai ka ƙara da shi. Ka yafe mini, ka dogara da shi."

Ya karɓa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya miƙe da ƙyar ya ɗora masa dukan nauyinsa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sannan ya dube ni.

"Na yafe tun a bakin kogi, Malam. Itacen yana da kyau. Amma har yanzu ya yi tsawo. Khadijatu, miƙo mini zarto."